Mai Tambaya da Mai Riƙe Bindiga: Tarihin Son Kai a Finafinan Sanders

A shekarar 1963, shekara uku bayan Najeriya ta karɓi mulkin kai, aka fitar da wani fim ɗin binciken laifi a Ingila mai suna Death Drums Along the River. Richard Todd ne ya fito a matsayin Sufeto Harry Sanders, ɗan sanda Bature a wata ƙagaggiyar ƙasa ta Afirka ta Yamma, yana bin diddigin kisan kai da fasa-ƙwaurin lu'ulu'u. A Afirka ta Kudu aka ɗauki fim ɗin, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa. Wanda ya kalle shi da idon basira zai lura da yadda aka raba aiki. Bature ne ke tambaya, shi ke haɗa wannan da wancan, shi ke gano gaskiya. Manyan waɗanda labarin ke juyawa a kansu su ma Turawa ne, kowa da sunansa da halinsa da dalilinsa. 'Yan ƙasa kuwa na tuƙa kwale-kwale, suna kaɗa ganga, suna sara wa Sufeto. Ba sai an zagi kowa ba, rabon aikin kaɗai ya isa ya gaya wa mai kallo wane ne ke da hankali a ƙasar.

Wannan rabo ba a 1963 aka fara shi ba. Yana da asali, kuma asalin ya ratsa ta ƙasar Hausa fiye da yadda yawancinmu muka sani.

Mutumin da ya ƙirƙiri Sanders shi ne Edgar Wallace, ɗan jarida kuma marubucin labaran ɓarayi da 'yan sandan ciki, wanda aka haifa a 1875, ya mutu a Amurka a 1932. A zamaninsa da wuya a sami marubucin Ingila da ake sayen littattafansa kamar nasa. Ya rubuta sama da 170, an kuma juya da yawa zuwa fim. A 1907 jaridar Daily Mail ta tura shi Kwango ya ga ta'asar da ake yi wa mutane a ƙarƙashin Sarki Leopold na Beljiyam. Bai daɗe can ba. Da ya koma gida ya soma rubuta gajerun labarai a kan wani Kwamishina Bature mai mulkin wani babban kogi shi kaɗai, aka tara su a littafi a 1911 da sunan Sanders of the River, wasu littattafan suka biyo baya.

Sanders na littafi ba ɗan sanda ba ne a suna, amma aikin ɗan sandan ciki yake yi. Yana da 'yan leƙen asiri a ƙauyuka, yana da tantabarun da ke kawo masa saƙo, yana da jirgin ruwa mai suna Zaire da bindiga a gabansa. Idan aka yi kisa, shi ke bincike, shi ke shari'a, shi ke zartarwa, wani lokaci a rataye mutum a bishiyar da ta fi kusa kafin rana ta faɗi. Wallace ya rubuta wannan ne a matsayin abin yabo. A bayan Sanders kuma kullum akwai wasu sojoji da littafin ke kira Hausawa, ƙarƙashin Kyaftin Hamilton, da sajensu Abiboo, wato Habibu. Su ke kama wanda aka nuna, su ke ɗaure shi, su ke jan igiya. Wallace na yabon biyayyarsu da rashin tsoronsu. Tunanin abin da ya faru da dalilin faruwarsa kuwa ya bar wa maigidansu.

Waɗannan Hausawa ba ƙage ba ne, kuma nan ne abin ke da ciwo. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Hawley Glover, ya tara mutum 18 'yan asalin Arewa a Legas, yawancinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Daga wannan ƙaramar ƙungiya aka sami rundunar 'yan sandan Hausa ta Legas, kuma rundunar sojan Najeriya ta yau daga nan take ƙirga shekarunta. An kai su yaƙin Asante a 1873 da 1874. An kafa irinsu a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Leopold ma da zai kafa tasa rundunar a Kwango, Hausawa na cikin waɗanda aka fara ɗebowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Dabarar a fili take: a ɗauko baƙo wanda ba shi da dangi a wurin, ba ya jin harshen mutanen, a sa shi tsaron su. Mutumin da ya tsere wa bauta, ba gona ba gida, albashin wata da kaki abin riƙewa ne da hannu biyu. Daga baya, da Lugard ya haɗa rundunarsa a ƙarshen shekarun 1890, irin waɗannan sojoji ne aka juyo da su Arewa. Su suka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903. A shekarar ce Katagum ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Maƙwabciyarta Haɗeja ta ƙi, aka far mata a watan Afrilun 1906, aka kashe Sarki Muhammadu da manyan mayaƙansa.

To, a ƙasar Katagum ta gaske, wa ke binciken laifi?

Wannan tambaya ita ce ta fi damuna duk lokacin da na tuna da labaran Sanders, domin amsarta na nuna girman abin da aka share. Masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu, ta kusa shekara ɗari da alƙalanta kafin Lugard ya iso. Lokacin da Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum a farkon 1824, bayan abokin tafiyarsa Dakta Oudney ya rasu a Murmur, gari ya tarar mai ganuwa da kasuwa da sarki da fadawa. Alƙali a irin wannan gari ba da ka yake hukunci ba. Yana da Risala, yana da Mukhtasar na Khalil, yana da Tuhfa ta Ibn Asim. Mai ƙara shi ke kawo hujja, wanda ya musa shi ke rantsuwa. Ba kowane shaida ake karɓa ba sai an tabbatar da adalcinsa, an bincika ko yana da gaba da wanda ake ƙara ko wata riba a cikin maganar. Kafin a yanke hukunci sai an yi wa mutum i'izari, a tambaye shi ko yana da sauran abin cewa ko sukar da zai yi wa shaidu. A shari'ar jini, in akwai alama mai ƙarfi amma shaidu ba su cika ba, akwai ƙasama, rantsuwa hamsin da dangin mamaci za su yi. Mutum na iya ganin wannan tsari da sauran gyara, amma ba zai ce babu tsari ba.

A ƙasa da alƙali kuma akwai masu aikin da ya fi kama da na ɗan sandan ciki, wato masu bin sawu. A ƙasa mai rairayi irin ta Gamawa da Udubo da Sakwa, in aka kore wa mutum shanu da dare, da asuba kafin iska ta tashi ake kiran mai bin sawu. Zai tsuguna a bakin garke ya daɗe yana kallo. Zai ware kofaton shanun da aka kora daga na waɗanda suka kwana. Zai ce mutum nawa ne, wanne ke da takalmi, wanne ke jan ƙafa, a ina suka tsaya, daga ina suka fara sauri. Danshin kashin saniya zai gaya masa tun yaushe suka wuce. Haka za a bi har sawu ya shiga wani ƙauye, sai a tsaya a nemi mai unguwa ko dagaci, ko dai ya taya a fitar da sawun daga ƙasarsa, ko kuwa a san cewa maganar tana gidansa. Wannan karatun alama ne tsantsa, irin wanda Turawa suka yi ta yaba wa Sherlock Holmes a kansa. A duniyar Wallace ba a ba irin wannan mutum matsayin gwani.

Turawan da suka zauna a nan sun san da wannan duka. J. M. Fremantle, wanda ya yi aiki a yankin, ya buga tarihin ƙasar Katagum a wata mujallar Landan a 1911, shekarar da littafin Wallace ya fito, kuma daga bakin mutanen ƙasar ya tattara shi. Mulkin da Lugard ya shimfiɗa ma a kan sarki da alƙali da hakimi da dogari ya tsaya. An hana yanke hannu, an sa Razdan duba littattafan kotu, hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu. Bature ɗaya ko biyu a bariki, da tafinta da masinja, ba za su iya sanin wa ya saci akuya a Chinade ba. An mayar da Katagum ƙarƙashin Lardin Kano a 1905, aka ɗauke fadar sarki zuwa Azare a 1916, aka haɗa ta da Lardin Bauchi a 1926, amma a duk wannan kai-komo aikin yau da kullum na kama ɓarawo da sauraron shaidu a hannun 'yan ƙasa yake. Mai karatu a Ingila kuwa aka nuna masa akasin haka.

Fim ne ya kai hoton ga miliyoyin da ba su karanta littafin ba. A 1935 Alexander Korda ya shirya Sanders of the River, ƙaninsa Zoltan Korda ya ba da umarni. Wannan karon an fito fili an ce a Najeriya labarin ke faruwa, ko da yake raye-raye da ƙabilun da aka nuna an haɗo su ne daga sassa daban-daban na Afirka, sauran kuma a Ingila aka gina ƙauyen aka ɗauka. Leslie Banks ne Sanders. Paul Robeson, shahararren mawaƙi baƙar fatar Amurka, lauya ta fuskar karatu, shi ne Bosambo, tsohon fursuna daga Laberiya wanda ya naɗa kansa sarkin wata ƙabila, Sanders ya gano asirinsa amma ya bar shi a kan mulki saboda zai yi biyayya. Cikin waɗanda aka ɗauka su cika fage akwai Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, da Orlando Martins ɗan Legas.

Labarin gajere ne. Sanders ya tafi hutu. Wasu Turawa biyu masu sayar da barasa da bindigogi suka baza jita-jitar cewa ya mutu. Ganga ta kai labari ƙauye-ƙauye cewa doka ta ƙare, nan take ƙasa ta rikice, aka koma yaƙi da kamun bayi. Sarki Mofolaba ya kashe Baturen da ke riƙon ƙwarya, ya sace matar Bosambo. Sanders ya dawo yana fama da zazzaɓi, ya hau jirginsa, ya buɗe wuta da bindiga mai jigida, ya ceci Bosambo, ya ɗora shi sarki a kan kogin duka. Tun a rubutun da ke buɗe fim ɗin an sadaukar da shi ga 'yan tsirarun Turawan da ke riƙe da zaman lafiyar Sarkin Ingila a Afirka. Saƙon siyasarsa bai ɓuya ba: sarki nagari shi ne wanda Bature ya naɗa, mugu shi ne wanda ya gaji sarautarsa ya ƙi sunkuyawa, ranar da Bature ya juya baya kuwa sai jini. Mutumin Haɗeja da ya san 1906 zai gane wane ne ake nufi da Mofolaba.

Robeson ya shiga fim ɗin ne da fatan za a nuna al'adun Afirka da mutunci. Da ya ga yadda aka yanka aka haɗa, ya barranta da shi a fili, ya ci gaba da nadamar shigarsa. Marcus Garvey ya soke shi da zafi a kan karɓar irin wannan matsayi. Duk da haka fim ɗin ya yi kasuwa sosai a Ingila.

A shekarar 1935 ɗin ce kuma Amurka ta fitar da Charlie Chan in Egypt. Mai binciken a can ɗan ƙasar Sin ne a labari, amma Warner Oland ɗan Suwidin aka yi wa kwalliya ya fito a madadinsa. Baƙar fata ɗaya da aka ba wa matsayi, Stepin Fetchit, bara ne matsoraci mai jan magana da aka sa don a yi dariya. Masarawa kuwa, a ƙasarsu, yawancinsu barori ne da masu haƙa. Salon ɗaya ne, kogin ne kawai ya bambanta.

Son kan yana da fuska ta biyu, wadda ta shafi abin da aka yarda ɗan ƙasa ya gani. Sir Hesketh Bell, wanda ya zama Gwamnan Arewa a 1909, bayan ya yi ritaya ya zama kan gaba wajen kukan cewa finafinan laifi na Amurka suna zubar da ƙimar Bature a idon waɗanda ake mulka, tunda suna nuna farar fata yana sata, yana kisa, yana lalata. Ya rubuta haka a jarida a 1926, ya kuma zauna a kwamitin da Ofishin Mulkin Mallaka ya kafa kan finafinai. A 1933 Najeriya ta sami dokar tace finafinai da hukumarta. Abin tsoron shi ne kada talaka ya ga Bature a matsayin wanda ake tuhuma. A ɗaya gefen kuma ga William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, wanda aka ba shugabancin sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Shi ya yaɗa ra'ayin cewa ɗan Afirka na ƙauye ba ya iya bin fim mai sauri ko mai sarƙaƙiya, sai an yi masa a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya. Da wannan ra'ayi aka shirya yawancin abin da majigi ya yawata da shi.

Dattawan da suka ga zamanin majigi suna iya kwatanta shi. Motar gwamnati ta iso gari da la'asar, a kafa farin allo a ƙofar fada ko ta hakimi, a tayar da inji bayan isha'i. Manya a kan kujeru da tabarmi a gaba, 'yan doka da bulala suna tsare layin yara, mai sharhi riƙe da lasifika yana fassara hoto da Hausa, yana ƙara nasa gishirin. Abin da za a gani shi ne tsabtar rijiya, noman auduga da gyaɗa, biyan haraji, ziyarar Gwamna. Mai son fim ɗin 'yan sanda da ɓarayi sai ya bi hanyar Kano, inda aka buɗe silimar Rex a 1937, daga baya El Duniya, wadda gobara ta cinye a watan Mayun 1951 da rayuka sama da 300, sannan Palace. Mutanen da ke warware shari'ar gado mai hawa uku a zaure, su ne aka ce ba za su gane labarin wa ya kashe wa ba.

Ba daidai ba ne a tsaya nan a wanke En'e. Dokar da Sanders ke alfahari da tsarewa, a zahiri, ita ce ta ba sarakuna ƙarfin da babu mai taka masa birki sai Razdan. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, 'yan doka da kotunan alƙalai su aka juya kan 'ya'yanta a faɗin Arewa. Taro ba izini, zagin sarki, tayar da hankali: da irin waɗannan tuhume-tuhume aka yi wa talakawa bulala, aka cika gidajen yari. Alƙalin da ke da i'izari a littafinsa ya san wanda ke biyan albashinsa da wanda zai iya tuɓe shi. Wannan shi ne ainihin son kai na siyasa a binciken laifi a ƙasarmu, kuma tsarin Bosambo ne ya haife shi, wato a bar maka kujera muddin ka riƙe mutanenka. Fim ɗin 1935 ya nuna yarjejeniyar a matsayin abota tsakanin mazaje biyu. Wanda aka yi yarjejeniyar a kansa, mai biyan haraji da jangali, ba a ba shi baki ba.

Sauyi ya zo da jan ƙafa. A 1957, da aka nuna tsohon fim ɗin a talabijin a Ingila, wakilin Najeriya a Landan ya yi ƙorafi cewa cin mutuncin 'yan ƙasarsa ne. A 1959, shekara guda bayan tarzomar launin fata ta Notting Hill, Basil Dearden ya fitar da Sapphire, inda 'yan sandan Landan ke binciken kisan wata ɗaliba mai jinin baƙar fata da ke wucewa a matsayin Baturiya. A nan an yarda ɗaya daga cikin masu binciken ya nuna ƙyamarsa a fili, an kuma gano cewa mai kisan Baturiya ce, 'yar'uwar saurayin yarinyar. Orlando Martins ya sake fitowa, shekara 24 bayan Sanders, a ɗan ƙaramin matsayi na mai sayar da abin sha. Masu tambaya dai har yanzu Turawa ne. Sai a 1967, a fim ɗin In the Heat of the Night, Sidney Poitier ya fito a matsayin Virgil Tibbs, gwanin binciken kisa daga Philadelphia, wanda 'yan sandan wani gari a Mississippi suka fara kamawa a tashar jirgin ƙasa don kawai baƙi ne da kuɗi a aljihu, sannan suka koma suna neman taimakonsa. A Najeriya kuma, daga 1968, samari suka rungumi Lance Spearman na mujallar hotuna ta African Film, baƙin mai bincike da kwat da hula, wanda kamfanin Drum ke shiryawa. A daidai waɗannan shekaru ne gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya.

Jihar Bauchi ta ga ƙarshen wannan zare da idonta. Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Nafaɗa da Borgu, ya buga littafinsa Mister Johnson a 1939, littafin da Chinua Achebe ya sha faɗin cewa yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya fara rubutu. A 1990 Bruce Beresford ya mayar da shi fim, kuma a Toro aka ɗauka. Maynard Eziashi ya fito a matsayin Johnson, akawun da ya kashe wani Bature mai kanti, har ya sami kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Balin a 1991. Hubert Ogunde ma ya fito, gab da rasuwarsa. Fim ne mai tausayi, ya fi na Korda nesa ba kusa ba, kuma ya bar Johnson ya yi magana da bakinsa. Amma Wazirin garin an zana shi mai makirci da cin hanci, shari'ar kisan kuma a gaban Di'o Rudbeck aka yi ta, wanda Pierce Brosnan ya fito a madadinsa. Shi ya yi tambayoyi, shi ya yanke hukunci, kuma da Johnson ya roƙe shi kada a rataye shi, shi ya ɗauki bindiga ya harbe shi da hannunsa.